Takaba Tsakanin Manya Biyu

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu da ba ya nan ba. Malam nake ce masa. Yana koyarwa a jami'a a gida, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ƙaro karatu, ni kuma na biyo shi da izinin zama wanda ke rataye a jikin nasa. Karatuna bai wuce sakandare ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka mu biyu ne a wani ɗan gida can saman bene a unguwar Sentul, inda in kana wanke-wanke za ka riƙa ganin jirgin ƙasa yana wucewa ta taga.

Karatun Malam a kan manyan ƙasashe ne, yadda suke haɗa kai a ciniki da tsaro yanzu da duniya ke sauya fasali. Da farko na ɗauka ba ruwana da wannan. Amma yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya rubuta da Turanci, sai ya shigo kicin ya jingina da bango ya faɗa mini da Hausa. In na ce ban gane ba, sai ya ce laifin rubutun ne, ya koma ya gyara. Ranar Asabar kuwa kasuwar Chow Kit ce ajinmu. Ina zaɓen kayan miya, yana biye da ni da jaka, sai ya ɗaga tafarnuwa.

"Uwargida, wannan 'yar ina ce?"

"'Yar China."

"Albasar nan fa?"

"Ta Indiya. Malam, ka bar mini albasa ta zama albasa, rana tana yi."

"To ki duba. Masu su sun daɗe suna hararar juna a kan iyaka, amma ga su a kwando ɗaya, kuma tukunya ɗaya za su shiga."

Yakan ce a da duniya kamar unguwa ce mai attajiri ɗaya, kowa ƙofarsa yake zuwa gaisuwa. Yanzu gidajen masu hali sun yi yawa. Wannan yana sayar wa wancan mai, wancan yana shimfiɗa wa wani layin dogo, wasu ma sun fara ciniki da kuɗin ƙasashensu. Ba don suna ƙaunar juna ba, sai don akwai jinkar da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba. Yana yaba ƙasar da muke zaune, ya ce kowa ya zo sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta sayar wa gabas ta sayar wa yamma, amma ba ta ba kowa makullin ɗakinta ba.

Akwai maganar da ya fi maimaitawa, har na haddace ta. "Kowa faɗan manya yake tsoro," in ji shi. "Ni shirinsu nake kallo. In suka zauna a tabarma ɗaya sukan yanke wa ƙanana hukunci, wani lokaci ma da kyakkyawar niyya. Ƙaramin da bai buɗe baki ya faɗi abin da yake so ba, za a ɗinka masa riga ba a gwada shi ba, kuma a jira godiya."

Yana da abokan karatu biyu da suke ofis ɗaya. Ɗaya mace ce 'yar China, siririya, mai gajeren gashi, wadda in ta gama magana kamar an rufe ƙofa. Tana son yajinmu fiye da ni. Ɗayan ɗan Indiya ne, ya girmi Malam, ya fara furfura, ba ya cin nama, kuma ba ya iya magana sai da hannu biyu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan zo gidanmu cin tuwon shinkafa. Nakan yi miya biyu, ta kuka da nama, da taushe zalla saboda ɗan Indiyan. Dukansu Kak suke ce mini, wato yaya a bakin mutanen ƙasar. Malam kuma yana kiransu manyan ƙasashensa. Yakan zauna a tsakiyarsu yana cin tuwonsa a hankali, su kuwa suna ta musu a kan tashar jiragen ruwa da bashi da wanda ya fara taka iyakar wani.

Wata Juma'a musun ya wuce gona da iri. Ɗan Indiyan ya ce wa 'yar Chinan ƙasarta tana ba maƙwabta bashi ne kamar mai zuba wa kaza tsaba yana riƙe da wuƙa. Ta ce ƙasarsa in da surutu yana gina gada da tuni ta kai wata. Daga nan suka gangara kan duwatsun da ke kan iyakar ƙasashensu da sojojin da suka mutu a can, ashe shi yana da wani nasa a cikin masu gadin wurin. Ta tashi ta wanke hannu, ta yi mini godiya, ta fita. Juma'ar da ta biyo ba wanda ya zo. Na ce wa Malam ya kamata ya shiga tsakani. Ya ce, "Bar su. Kasuwa za ta haɗa su."

Bai ga haɗuwar ba. Wata safiya bayan ya karya ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Mutanen masallacin unguwa da 'yan uwanmu ɗalibai suka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa a nan cikin birnin. Matan ɗaliban suka zauna da ni kwanakin gaisuwa. Daga nan kowa ya koma ga karatunsa da 'ya'yansa, kuma ban ga laifin kowa ba.

Na cire 'yan kunne, na ajiye turare, na ɗaura tsohon zane, na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da mijinki ya bar ki. Haka na tashi na ga iyayena mata sun yi, haka kuma nake so in yi. Ban iya riƙe shi ba ranar da ya tafi, ban haifa masa wanda zai riƙa yi masa addu'a ba. Wannan zaman shi ne abu ɗaya da ya rage a hannuna da zan yi masa, kuma ina so in yi shi cikakke, a inda ya bar ni, kusa da tabarmar sallarsa da littattafansa.

Matsalar ita ce izinin zamana ya mutu tare da shi. An ba ni na wucin gadi, ɗan gajere, wanda zai ƙare tun ban yi nisa ba. Yayan Malam ya kira ni daga gida.

"Ƙanwata, ki tattaro ki dawo. Na tambayi malamai, sun ce in lalura ta kama, mace na iya ƙarasawa a wani wuri. Ga ɗakin Inna nan an share miki. Me ya rage miki a ƙasar mutane?"

"Yaya, gaskiya ne. In an ce in fita zan fita, ba zan yi jayayya da hukuma ba. Amma ba a ce ba tukuna."

Sai ya ce, "Taurin kan nan nasa ne kika gada." Ban san ko faɗa ne ko yabo ba.

Abokan Malam biyu ba su yar da ni ba, amma kowa ta hanyarsa. Ita takan zo da safe, ta shigo ta buɗe tagogi ba ta tambaye ni ba, ta duba firji, ta zauna kaɗan tana kallona. Shi yakan zo da yamma, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya ya tsaya nesa da ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ajiye leda ya tafi. Kowa ya san lokacin ɗan uwansa, don kada su haɗu. Da yake ba sa magana, duk abin da ta kawo shi ma shi zai kawo. Shinkafa ta taru a kicin kamar za a yi biki, gishiri kuwa ya ƙare ba wanda ya sani.

Ni kuma ban ce komai ba. Mai takaba ba ta yawan magana, kuma a tarbiyyarmu wanda aka yi wa alheri ba ya zaɓe. In sun tambayi yadda nake, sai in ce alhamdu lillahi. In sun ce me nake bukata, sai in ce babu komai, na gode. Ban taɓa tunanin cewa ba su san abin da nake yi a ɗakin nan ba. A wurina abu ne da kowa ya sani, kamar azumi.

Ashe kowannensu ya kalle ni ya karanta abin da ya karanta. Ita ta ga mace ba ado, ba fita, ba dariya, ta ce baƙin ciki zai kashe ni nesa da uwata. Shi kuma ya ga na ƙi taɓa littattafan Malam, ko akwati ban sauko da shi ba, ya ce lallai ba na son barin ƙasar har abada, kunya ce ta hana ni faɗa.

Ban san wannan ba sai da wata ma'aikaciya ta kira ni daga ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Mutum biyu sun zo da sunana. Mace ta ce a gaggauta mini takardun fita, har ta duba mini jirgi. Namiji ya ce a sa ni a ajin koyon Turanci don in samu izinin ɗaliba in zauna shekaru. Ta ce ba za ta iya rubuta wa hukumar shige da fice magana biyu ba, kuma kwanakin izinina suna tafiya. Wanne nake so?

Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Na ajiye wayar na zauna a kujerar kicin, ina kallon bangon da Malam ke jingina. Riguna biyu aka ɗinka mini, ɗaya ta matse, ɗaya tana jan ƙasa, kuma duka da kyakkyawar niyya. Sai na ji dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar. Abin da ya biyo bayan dariyar ba sai na rubuta ba.

Na aika wa kowannensu saƙo cewa ya zo Juma'a bayan masallaci, ban gaya wa kowa ɗayan zai zo ba. Na roƙi matar wani ɗalibi ɗan garinmu ta zo ta zauna da ni, tunda namiji zai shigo. Na tuƙa tuwo da shinkafarsu, na yi miya biyu kamar da, na ari gishiri a maƙwabta.

A ƙofa suka haɗu. Da na buɗe, kowa yana kallon gefe kamar masu jiran mota. Na ce su shigo. Suka zauna a wurarensu na da, wurin Malam a tsakiya ba kowa. Ban zauna a nan ba. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a gabansu.

"Ku ci tukuna," na ce.

Suka ci. Da suka wanke hannu na tattara Turancin da nake da shi, na haɗa da yaren kasuwa, inda na maƙale matar ɗalibin ta cika mini.

"An kira ni daga ofis. An ce ina da wakilai biyu."

Ita ce ta fara juyawa ta kalle shi. "Kai ne? Makaranta za ka sa ta? Mace tana cikin wannan hali, ka ce ta ɗauki jaka ta tafi aji?"

"Ke fa? Za ki naɗe ta ki sa a jirgi kamar kayan da aka yi oda! Haka kuke, ku zo ku yi gini ba ku tambayi masu gari ba."

"Ku kuma ku kafa kwamiti, mai ciwo ya mutu ana jawabi."

Na bar su suka ɗan taɓa, don na lura tun rasuwar ba su samu wanda za su yi wa faɗa ba. Sannan na ɗaga hannu.

"Ba tafiya nake so ba. Ba zaman shekaru nake so ba. Wata huɗu da kwana goma nake so, daga ranar da ya rasu, a cikin ɗakin nan. Ranar da suka cika zan yi wanka, in sa sabon zane, in fita da ƙafata in koma gida."

Na yi musu bayanin takaba. Na ce rashin adon ba ciwo ba ne, rashin fitar ba kurkuku ba ne, ba wanda ya kulle ni. In akwai dole, kamar asibiti ko hukuma, zan fita da rana in dawo in kwana a ɗakina.

Ita ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. "Kak, wa zai hukunta ki in kin tafi yanzu?"

"Ba kowa."

"To don me?"

"Kin taɓa gaya mana kina shiga jirgin ƙasa ki yi doguwar tafiya duk shekara don ki share kabarin kakanki. Wa zai hukunta ki in ba ki je ba?"

Ta sunkuyar da kai tana juya kofin ruwa. Shi kuwa ya shafa kansa ya ce lokacin da mahaifinsa ya rasu ya aske gashinsa tas, ya yi kwanaki bai fita ba, kuma da wani ya ce zai kai shi shan iska da sun ɓata. Ya haɗa tafukansa ya ce in yafe masa, ya kamata ya tambaya.

"Ni ma ya kamata in faɗa," na ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ga inda nawa yake yoyo. Izinina zai ƙare kafin kwanakina su cika. Ke kin iya takarda, ba abin da ke ɓace miki, amma in kin shiga ofis mutane tsoronki suke ji. Kai kuma ba ofishin da ba ka sha shayi ba, amma ka taɓa mance fasfonka a shagon mamak, wurin shan shayin nan, Malam ya gaya mini."

"Sau ɗaya ne, Kak!"

"Sau biyu," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"Ban kira ku don ku so juna ba. Malam ya ce ba dole ba ne. Ya ce manya ba sa haɗa kai don ƙauna, sai in ga kayan da ɗaya ba zai iya ɗauka ba. To ga kayan."

Suka kalli wurin da ba kowa a tsakaninsu. Shi ya ciro hankici. Ita ta tashi ta tafi taga ta tsaya ta ba mu baya, ta daɗe tana kallon layin dogo. Da ta dawo sai ta ce masa, "Litinin da safe. Kai za ka ga shugaban sashe, ni zan haɗa takardu. Kada ka yi jawabi."

"Ke kuma ki gaishe da mutane kafin ki buɗe jaka."

Haka aka yi. Magana ɗaya ta tafi ofis, wadda na faɗa da bakina. Aka sabunta mini izini na ɗan lokaci, da ya kusa ƙarewa aka sake. Kowane karo sai an kawo dalili, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin na gaba. Ba su daina musu ba, amma yanzu tare suke zuwa, ita ta shigo, shi ya tsaya a ƙofa suna yi ta tsakanin labule. Sun raba kasuwa ma: ita kayan gwangwani da sabulu, shi kayan miya. Gishiri bai sake yankewa ba.

Ni kuwa ina ɗakina. Nakan yi sallah, in karanta abin da na iya, in share littattafansa in mayar da su yadda ya bar su. Da la'asar ruwan ƙasar yakan sauko kamar da bakin ƙwarya, in zauna ina kallonsa. Ba zan ce kwanakin sun yi sauƙi ba. Amma kowace safiya na san inda nake da abin da nake yi, kuma wannan ya riƙe ni.

Sabunta izinin karo na ƙarshe shi ne abin tsoro. An gaya mana irin wannan izini ba a cika maimaita shi da yawa ba, ga shi saura 'yan makonni in gama. An ce sai na je ofishin shige da fice da kaina, su biyun suka ce za su raka ni. Ranar ta faɗo a makon da shugabannin manyan ƙasashe suka zo taro a birnin. Malam ya daɗe yana jiran taron nan, ya ce a kansa zai rufe rubutunsa. An rufe manyan hanyoyi, mota ba ta motsi, sai muka bi jirgi. Na lulluɓe da babban mayafi. Ƙafata har ta manta matakala. A tashar Titiwangsa muna jiran canjin jirgi, muka ji jiniya a ƙasa, ayarin baƙaƙen motoci ya wuce a titin da aka share masa fes. Na ce a raina, Malam, ga mutanenka sun zo.

A bakin ofishin suka fara.

"Ni zan yi magana, na san inda kowace takarda take."

"Ke? Za ki yi musu kamar kin zo karɓar bashi. Bar ni in fara da gaisuwa."

"Gaisuwarka za ta kai mu lokacin tashi."

"Ni zan yi," na ce.

Suka kalle ni. Ta miƙo mini jakar takardun, ta nuna mini wadda ke sama da wadda ke bi mata. Ya gyara mini kalma biyu da zan bukata. Suka zauna a benci, ni na tafi gaban tebur.

Ma'aikaciyar mace ce mai lulluɓi, ta kai shekarun yayata. Na gaishe ta da yarensu. Na ce mijina ɗalibi ne, ya rasu a nan, an binne shi a nan. Na ce ina idda a ɗakin da ya bar ni, ba aiki nake nema ba, ba zama nake nema ba, ga ranar da zan gama, ga shaidar jirgin da zan hau bayanta. Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, a jere suke kamar an goge su. Ta karanta wasiƙar shugaban sashe. Ta ce wannan ya fi ƙarfin teburinta, ta ɗauka ta shiga ciki.

Na koma benci na zauna a tsakaninsu, don nan ne kawai wurin da ke akwai. Sai da na zauna na tuna wurin wa ke nan. A bango akwai talabijin ba murya, ana nuna shugabannin a jere sun sarƙe hannuwa suna murmushi. Na kalle su na rasa abin da suka yanke wa ƙasashe irin tamu a bayan ƙofa, da ko namu sun buɗe baki sun faɗi abin da suke so. Wannan ba ni da saninsa. Wanda zai faɗa mini da Hausa ba ya nan.

Da ta fito ta kira ni, ta miƙo mini fasfo ta ce, "Boleh." An yarda. Har da 'yan kwanaki a kai don in haɗa kaya. Ta yi wa Malam addu'a a hankali, na ce amin.

A jirgin dawowa ɗan Indiyan ya ce wasiƙar da ya tsara wa shugaban sashe ce ta yi aiki. 'Yar Chinan ta ce ai wasiƙar sai da ta yanke mata rabi. Ya ce rabin da ta yanke shi ne mai daɗin. Na jingina da taga na bar su.

Ranar da kwanakina suka cika na yi wanka da safe, na sa sabon zane da 'yan kunnen da ya saya mini farkon zuwanmu. Na sauko ni kaɗai na hau jirgi zuwa Chow Kit. Mai kayan miyar da muka saba ta tambaye ni ina maigidan mai yawan tambaya, na gaya mata. Ta riƙe hannuna. Na zaɓi albasa da tafarnuwa, ta zuba mini su a kwando ɗaya.

Na dafa abincin sadaka, aka ƙulla a leda-leda, tapau kamar yadda suke cewa, aka kai masallaci da maƙwabta da gidajen ɗalibai. Sannan na kira Yaya.

"Yaya, na gama."

"A ɗakin nasa?"

"A ɗakinsa."

Na ji yana gyaran murya. "Allah ya yi miki albarka. Ƙanena ya yi dace."

Da yamma su biyun suka zo, na sauko da akwatuna. Na ware littattafan da zan kai gida, don jami'ar da ya koyar. Sauran na raba musu. Duk wanda ke magana a kan Indiya na tura gabanta, duk wanda ke magana a kan China na tura gabansa.

"Kak, kin yi kuskure," in ji shi. "Waɗancan ne nawa."

"Ban yi ba. Naka ka riga ka sani."

Ta buɗe ɗaya, ta ga rubutun Malam da fensir a gefen shafi, ta rufe da sauri ta rungume shi a ƙirji. Shi ya ɗauki mafi kauri ya auna a hannu, ya ce zai karanta don ya samu abin da zai ƙaryata ta da shi. Ta ce ya fara da koyon faɗin sunayen daidai.

Su suka raka ni filin jirgi, kowa da akwati ɗaya. Amma ƙofar ɗakin ni na rufe ta. Na tsaya na kalli bangon kicin, na kashe fitila, na juya makulli da hannuna, a ranar da na ce zan fita.